Dattijo, Firjina, Ya Rasu a Hannun Masana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan karatu, da waɗanda suke sunkuyar da kai idan mun haɗu a baranda, rasuwar abokin wahalata, firjina, wanda kowa a sashenmu ya sani da suna Dattijo. Ya rasu a babban ɗakin gwaji da ke saman bene, ɗakin da bai taɓa kwana a ciki ba tsawon rayuwarsa, bayan gajeriyar jinya da babu wanda ya lura da ita, alhali masu manyan digiri ne suka kewaye shi. Na ji an fara yaɗawa wai ai dama ya tsufa, kwanansa ne ya ƙare. Ƙarya ne. Lafiyarsa ƙalau na bar shi, kuma waɗanda suka kashe shi suna nan suna shan shayi a ofisoshinsu.

Marigayin gajere ne, bai wuce ƙuguna ba. Fari ne tas a ƙuruciyarsa, shekaru suka rina shi ya koma ruwan hauren giwa, ga ɗan tabo a ƙofarsa inda babban ɗana ya taɓa buga masa keke. A kicin ɗina ya tashi. Shi ya riƙe madarar yarana tun suna goyo, shi ya riƙe maganin zazzaɓinsu, kuma ban taɓa kiran mai gyara a kansa ba sai sau ɗaya, shi ma robar ƙofa ce ta saki. Da na samu gurbin digiri na biyu na zo sashen nan, aka nuna mini wani ƙaton firji a lungu aka ce na sashe ne. Na buɗe, na tarar da tsofaffin takardun jarrabawa da takalman mai kula da ɗakin gwaji. Mai takalman ya ce mini ai firjin ya jima da mutuwa, an rubuta wa sama, ana jiran amsa. Ran nan da na koma gida na tsaya ina kallon Dattijo, maigidana ya gane abin da ke raina tun ban buɗe baki ba. Ya ce, "Ɗauke shi ki tafi da shi, ke dai ki yi karatun. Mu ma sha ruwan ɗumi, ba zai kashe mu ba." Haka gidana ya zauna babu ruwan sanyi domin jami'a ta samu firji.

A ƙaramin ɗakin gwajin da ke ƙasa ya zauna, tsakanin wurin wanke kwalabe da taga mai fasasshen gilashi. Mai haƙuri ne, ba shi da ƙorafi. Idan wuta ta ɗauke sai ya yi ajiyar zuciya, "hufff", ya rufe bakinsa ya riƙe sanyinsa har ta dawo. Idan ta dawo sai ka ji "kwat", ya ɗan girgiza kafaɗa, ya kama "gurrrr" ɗinsa a hankali kamar tsoho mai gyaran murya. Wannan gurnani na saba da shi har ba na iya karatu inda babu shi. Da safe kafin in gaishe da kowa sai na ɗora tafin hannuna a gefensa, in ji ɗumin injinsa, sannan hankalina ya kwanta in cire jaka.

Ga wanda bai san abin da marigayin yake riƙe mini ba, bari in faɗa a sarari. Aikina a kan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suke zama a saiwar wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, har manomi ya rage sayen taki. Damina guda cur na yi ina bin gonaki. Na shiga taɓo har gwiwa, kare ya bi ni, wani manomi ya kore ni da fartanya don ya zaci lalata masa shuka na zo yi. Na kawo saiwoyin nan na wanke, na tsame halittun, na raine su a ƙananan kwalabe da faranta na gilashi, na ware nagari na zubar da ragwaye. A ƙarshe na samu 'yan kaɗan da suka fi sauran nesa ba kusa ba. Ba a sayar da su a kanti, ba a aiko su daga ko'ina, babu su a hannun kowa a duniya sai a cikin Dattijo. Sanyi suke so. Idan suka ji zafi na kwanaki, fumfuna ta hau su, shi ke nan.

Kuma a kansu duk burina ya rataya. Tun shekarar farko ta digiri na biyu nake shirin na uku, don na san mace mai yara ba ta da shekarun zubarwa. Na rubuta wa malamai da dama a jami'o'i masu nisa, yawancinsu ko amsa babu. Wata farfesa ce kaɗai ta karanta abin da na aika mata, ta amsa da kanta. Ta ce tana da gurbi guda mai tallafi, kuma aikina ya dace da nata. Sharaɗinta biyu ne: in kammala gwajin ƙarshe a tukwanen shuka in aika mata sakamako kafin a rufe karɓar masu nema, sannan idan zan zo in zo da halittun da ransu. Na sayi tukwanen. Na tankaɗe ƙasar. Iri yana cikin jakata. Abin da ya rage kawai in dawo daga taron masana da zan gabatar da rabin aikin, in buɗe Dattijo in fara.

Kada wani ya zo mini da wayon bayan fage, wai me ya sa ban raba su gida biyu ba. Na nema. Sashen da ke maƙwabtaka da mu suna da firji mai rai, suka ce sai da izinin Shugaban Sashenmu. Na yi ta sintiri a ƙofar ofishinsa har sakatariyarsa ta daina ɗago kai idan na shigo. Kullum yana taro, ko ya fita yanzun nan, ko in dawo gobe.

To ga yadda ciwon ajali ya same shi.

Akwai wata ɗabi'a a wannan makaranta da kowa ya sani, babu mai faɗa da ƙarfi. Duk lokacin da masu tantance sassa za su zo su ga ko muna da kayan koyarwa, sai gari ya rikice. A shafe bango da fenti, a aro madubin ƙara girma daga wannan sashe, a aro ma'auni daga wancan, a tattaro duk abin da ke da waya a jiki a jera a babban ɗakin sama, a manna wa kowanne takarda mai tambarin sashe. Baƙi su zo su gani su yaba su tafi, washegari kowa ya zo ya kwashi kayansa, sashe na gaba ya ara. Akwai wani injin juya kwalabe da na san ya wakilci sassa huɗu a shekara guda, shi kaɗai, bawan Allah.

Zuwan baƙin ya faɗo a makon da nake wurin taro. Kuma wa ya tura ni taron? Farfesa mai duba aikina. Shi ya ce zai ƙara wa takardun nemana nauyi, ya kuma sa sunansa a gaban nawa a kan aikin da bai taɓa riƙe wa kwalba ba. Kafin in tafi na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada a taɓa mini firjin nan." Ya ce, "Haba 'yata, wa zai taɓa? Je ki ki fitar da mu kunya." Ina juya baya, Shugaban Sashe ya zagayo yana duba abin da za a nuna, ya ga babu firji mai aiki a sashen kimiyyar halittu kaf sai nawa. Ya tambayi Farfesa, Farfesa ya ce a ɗauka, ai ɗalibarsa ce.

Aka ba wa Ɗan Lele aikin. Wanda bai san Ɗan Lele ba, shi ne ɗalibin nan mai ɗaukar wa Farfesa jaka tun daga mota, mai dariya kafin Farfesa ya gama ba da labari. Shekara biyu yana ajiye lemonsa a cikin Dattijo ba tare da ya taɓa cewa na gode ba. Shi da mai kula da ɗakin gwaji suka kwashe kwalabena suka zuba a kwali, suka ciccibi marigayin. Da suka isa kwanar matakala ya ƙi juyuwa, sai suka kwantar da shi a bayansa suka ja shi kamar buhu har sama. Duk matar da ta taɓa tashi daga gidan haya ta san ba a kwantar da firji, in kuwa dole ta sa, sai a tsayar da shi ya wuni ya huta, man injinsa ya koma mazauninsa kafin a ba shi wuta. Su kuwa suna tsayar da shi suka cusa masa soket, don Shugaba yana tsaye yana duba agogo.

Mai share ɗakin ta ce ta ji muryarsa ta ƙarshe. Ya yi "gurr", ya tsaya. Ya sake "gur, gur", kamar mai son yin magana. Sai "tik". Bai ƙara cewa komai ba.

Amma fitilar cikinsa ba ta mutu ba, kuma ita ce ta rufa musu asiri. Suka buɗe ƙofa suka ga haske, suka ce lafiya lau. Suka mayar da kwalabena ciki, ba bisa tsarin da na bi ba, bisa tsayi, dogaye a baya gajeru a gaba, don su yi kyau a ido. Suka manna masa tambarin sashe a goshi, daidai kan takardar da na rubuta sunana. Sannan aka kulle ɗakin da kwaɗo don kada ɗalibai su shiga su ɓata fenti, Shugaba ya jefa makullin a aljihu. Ɗakin nan tagoginsa rana suke kallo. Baƙi suka ɗaga zuwansu zuwa ƙarshen mako, ɗaki yana kulle. Da suka zo, an ce babbansu ya buɗe Dattijo, ya ga haske, ya ga kwalabe a jere, ya jinjina kai ya ce lallai ana bincike a wannan sashe. Aka tafa. Gawa suka yi wa tafi, da gawarwakin da ke cikinta.

Na dawo daga tasha kai tsaye, ko gida ban biya ba. Na shiga ƙaramin ɗakinmu na ga wurinsa wayam, sai tsatsar ƙafafunsa a kan siminti. Na hau sama da gudu, na sa aka nemo makulli. Tun daga bakin ƙofa na san an gama da ni, domin ɗakin shiru yake. Na ɗora hannu a gefensa, babu ɗumin inji, babu motsi. Na buɗe, iska mai zafi da wari ta buge ni a fuska. Fumfuna ta rufe farantan, koriya da baƙa, har ta haura murafe. Na zauna a ƙasa a cikin kayan tafiyata na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, kuma ban ji kunyar kowa ba. Na yi ƙoƙarin ceto ko guda ɗaya, na yi ta shukawa a sababbin faranta ina jira. Babu abin da ya tsiro sai fumfuna.

Mai gyara ya zo ya kwanta a bayan Dattijo, ya saurara, ya tashi ya karkaɗe wando ya ce inji ya ƙone, sai haƙuri. Bai gama rufe baki ba ya tambaye ni ko zan sayar masa da ƙofar. Na ce ya fita.

Iyalan marigayin suna godiya ga waɗanda suka yi ta'aziyya ta gaskiya. Akwai kuma ta'aziyyar da muka karɓa muka ajiye don kada a manta da masu ita. Shugaban Sashe ya ce, "Ki yi haƙuri, sadaukarwa ce, kuma ga shi sashe ya ci jarrabawa. Ke ma ai ribarki ce." Mai kula da ɗakin gwaji ya ce shi umarni aka ba shi, kuma bayansa har yau ciwo yake, kamar ni zan ba shi haƙuri. Ɗan Lele ya tare ni a baranda yana murza hannu ya ce, "Anti, wallahi fitilar tana kamawa fa." Na dube shi na ce idan ya sake kirana anti sai na manta a makaranta muke. Shi kuwa Farfesa, da na shiga ofishinsa, bai ko ajiye jaridar hannunsa ba. Ya ce, "Bincike ya gaji haka, 'yata. Mu ma mun sha irinsa. Ki sake tarawa." Na ce damina ta wuce, ranka ya daɗe, kuma an kusa rufe nema. Na roƙe shi ko takardar shaida ya rubuta wa farfesar can, ya bayyana cewa aikin ya yi nisa kuma ba sakacina ba ne. Sai ya cire tabarau ya ce shi mutum ne mai kare sunansa, ba ya iya yabon ɗalibar da ba ta da sakamako a hannu.

Wannan maganar ita ce ba zan yafe ba. Na faɗa, kuma a kai masa.

Na rubuta wa farfesar da kaina na gaya mata gaskiya. Ta amsa da kalmomi masu taushi, ta ce ta ji zafin abin, amma gurbin ba ya jira, masu tallafin ba su san uzuri ba. An ba wa wani. Ta ce in sake tuntuɓarta baɗi, sai dai ba ta yi alkawarin za a sake samun kuɗin ba. Matar da ba ta taɓa ganina ba ta fi waɗanda nake gaisarwa kullum jin ciwon abin.

Marigayin ya rasu ya bar ni, mai shi, da kundin digiri na biyu wanda babinsa na huɗu babu komai a ciki. Ya bar maigidana da yarana, waɗanda suka sha ruwan ɗumi shekara biyu a banza. Ya bar tukwanen shuka a jere a bayan sashe, cike da ƙasa, yanzu kyanwa ce ke amfani da su. Ya bar tsohon masinjanmu mai ciwon sukari, wanda yake ajiye allurarsa a ƙofar Dattijo saboda gidansu babu wuta, yanzu yana yawo da ita a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, kuma shi kaɗai ne a cikin ma'aikata ya zo ya zauna kusa da ni. Ya kuma bar marayu na son banza masu yawa, masu lemo da masu ruwan gora da masu ajiye ragowar abincin rana, waɗanda har yau suke leƙo ɗakin suna tambaya ko za a kawo wani.

Na san Farfesa ne zai sa hannu a kundina kafin in fita daga makarantar nan. Ƙawayena sun ce in sassauta, in goge wasu layuka, in bari sai na karɓi takardata. Na saurare su, na gode. Shekara biyu ina sassautawa ina rusunawa, ga abin da na samu. A manna wannan sanarwa a allon sashe, a tsakiya, inda ake manna sakamakon jarrabawa.

Game da jana'iza, an samu jinkiri, kuma ba daga iyalai ba ne. Shugaban Sashe ya hana gawa. Ya ce tun da baƙi sun gan shi da tambari, ya zama kayan makaranta, kuma akwai wasu baƙin da za su zo duba karatun manyan digiri, tunda fitilar tana kamawa zai iya sake tsayawa. Wato sun kashe shi, kuma suna so ya ci gaba da yi musu shaidar zur. To ba da Dattijo ba. Ranar Litinin da hantsi, lokacin da sashe ya fi cika, zan zo da ƙannena maza da motar ɗaukar kaya. Zan ɓare tambarin nan da farcena a gaban kowa. Za a sauko da shi a tsaye, a hankali, yadda ya kamata a hau da shi. Duk wanda hannunsa ya taɓa shi ranar da aka kwantar da shi, ya tsaya nesa. Mai son hana mu ya fito da shaidar ranar da makaranta ta saye shi.

Kwalaben da farantan za a dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda doka ta ce, ni zan yi da hannuna, ba na neman taimako. Daga nan za a wuce da marigayin gida, ya koma lungunsa na kicin, yara su riƙa ajiye littattafansu a ciki. Ba za a sayar da ko ƙusa ɗaya daga jikinsa ba.

Za a karɓi gaisuwa a ƙaramin ɗakin gwaji na ƙasa, kusa da tsatsar ƙafafunsa. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar wakilin sashe, kuma wanda ya san zai ce mini ai firji ne kawai ya zauna a ofishinsa don mutuncinsa.

Roƙo guda iyalai suke yi ga masu niyyar biyo mu gida. Mahaifina yana wurinmu yana jinya, idanunsa sun yi rauni, kuma ban gaya masa ba. Tun ranar da na karanta masa amsar farko ta farfesar nan yake gaya wa duk mai zuwa duba shi cewa 'yarsa za ta tafi karatun dakta. Ya aiki ƙanena ya sayo mini rigar sanyi mai kauri, don an ce masa can akwai sanyi, tana rataye a ƙusa kusa da gadonsa, kullum sai ya miƙa hannu ya shafa ta ya tambaye ni saura yaushe. Idan kun shigo, ku gaishe shi, ku yi masa sannu da jiki. In ya ce muku na kusa tafiya, ku ce Allah ya kai mu.